Sakata a Ƙofar Auta

Rumfar Mai Makulli tana ƙarƙashin matakalar wani dogon bene na shaguna, daura da inda motocin haya ke sauke mutane. Ba ta ɗaukar mutum biyu a zaune. Akwai teburi, akwai injin yankan makulli da ya girmi duk 'ya'yansa, sai allon katako a bango inda ya rataye makullan da ba a yanka ba tukuna, kowane iri da ƙusarsa. Garin ƙarfe ya zauna a tsagin teburin da ƙarƙashin faratansa, har matarsa ta gaji ta daina magana a kai. A layin kowa Mai Makulli yake ce masa, yara su ƙara Baba a gaba, shi ke nan.

Rabin aikinsa a zaune yake yinsa, rabi kuma a durƙushe a ƙofar mutane. Tsohuwar da iska ta bugo wa ƙofa tukunya na kan wuta, ɗan hayar da ya bar makullinsa a aljihun wandon da ya kai wanki, ofishin da akawu ya yi tafiya da makullin durowa, duk shi ake kira. Sai ya ɗauki 'yar jakarsa, ya je ya durƙusa, ya zura siraran ƙarafa biyu, ya lumshe ido kamar mai sauraron magana daga nesa. Kafin mai gida ya gama bayanin yadda abin ya faru, ƙofa ta buɗe. Mai gyaran takalmin da suke raba inuwar matakala da shi yakan ce masa ɓarawon da ya tuba tun kafin ya fara sata. Shi kuma ya ce masa likitan warin ƙafa. A haka furfura ta same su, kowa na tsare wa ɗan'uwansa rumfa idan ya tashi.

Suna haya a hawa na uku na wani gidan bene, falo ɗaya da siririn lungu mai ƙofofi huɗu: ɗakinsa da matarsa, ɗakin ɗansa, ƙaramin ɗakin da a da sito ne ya zama na 'yarsa Auta, sai banɗaki. Yana da wata ɗabi'a a gidan. Duk yaron da ya gama firamare, sai ya zaɓo kuba mai kyau, ya sa masa a ƙofa da hannunsa, ya miƙa masa makullan duka, ba ya riƙe ko ɗaya. Matarsa ta yi ta mita a kan haka, tana cewa wane sirri gare shi, yaron da ita ke wanke masa safa. Ya ce mata ba zancen sirri ba ne, so yake yaro ya san akwai wuri ɗaya a duniya da sai an nemi izininsa.

Ɗan nasa Injiniya ake ce masa tun yana ƙarami, saboda ya taɓa kwance rediyon gidan ya mayar, notuna suka yi saura a hannunsa, rediyon kuma ta ci gaba da magana. Sunan ya bi shi har jami'a. Shi ne mai ba da dariya a gidan, shi ke kwaikwayon tafiyar mai gidan haya, shi ke tsokanar Auta har ta jefe shi da matashi. Ya gama karatu, ya shiga neman aiki, neman ya yi tsawo. A hankali dariyar ta ragu. Ƙofarsa ta fi zama a rufe, kwanon abinci ya riƙa dawowa da rabi. Uwar, wadda ke aikin wanki da guga a wani otal, ta sha cewa yaron nan ba daidai yake ba. Mai Makulli yakan je ya ƙwanƙwasa, a amsa daga ciki da lafiya lau Baba, barci nake. Sai ya dawo ya ce mata namiji ne, a bar shi ya huta da tambaya, kowa a waje tambayar aiki yake masa.

Wata safiya ya buɗe rumfa ke nan, ko injin bai kunna ba, matarsa ta kira shi. Ta ce ta yi ta bugun ƙofar Injiniya shiru, ga wayarsa tana ƙara a ciki. Ya ɗauki jakarsa yadda yake ɗauka idan an kira shi ko'ina. Ya hau matakalar gidan, ya durƙusa a ƙofar. Kubar da ya sa da hannunsa ce, ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, bai kuma taɓa buɗe ƙofa da sauri irin na ranar ba. Saurin bai amfana komai ba. Injiniya ya kashe kansa, kuma likita ya ce tun kafin gari ya waye aka yi aka gama. Bai bar bayani ba.

Mutane sun zo. Wasu sukan ce Allah ya jiƙansa da cikakkiyar murya. Wasu kuwa addu'ar takan maƙale musu a wuya, su ce Allah ya ba da haƙuri, su mayar da ido kan kafet. Wata maƙwabciya ta gaya wa yaranta zazzaɓi ne. Mai gyaran takalmi ya rufe rumfunan biyu, ya zo ya zauna a bakin ƙofa yana jera takalman baƙi ƙafa da ƙafa, duk wanda ya haɗiye addu'ar kuma sai ya ƙarasa masa ita da ƙarfi, yadda har na kicin za su ji.

Da baƙi suka ɗauke ƙafa, wata rana da hantsi Mai Makulli ya ɗauko sukudireba. Ya fara da kubar ɗakin Injiniya, ya kwance ta. Ya koma na Auta, tana zaune a bakin gado tana kallonsa. Ya yi nasu ɗakin, ya ƙare da banɗaki. Ƙofar waje kaɗai ya bari. Ya tattara ƙarafan a kwali ya tura ƙarƙashin gado. Kowace ƙofa ta koma da rami a gefenta kamar bakin da aka cire wa haƙori, ba kuma wadda ke tsayawa a rufe, iska kaɗan sai ta tura ta. Matarsa ta dubi kwalin, ta dube shi. A kwanakin ba ta da ƙarfin cewa komai.

Gidan ya koyi sabon zama. Mai shiga banɗaki ya bar silifas a bakin ƙofa, ya jingina bokiti daga ciki, idan ya ji taku ya yi tari. Auta tana shekararta ta ƙarshe a sakandare, budurwa ce sosai. Ta cusa tsohuwar safa a ramin ƙofarta. Da ya zo wucewa ya sa yatsa ya tura safar ta faɗa ciki. Ta kara kujera a bayan ƙofar. Ya tsaya a lungu ya ce mata ta ɗauke, da wata murya ƙasa-ƙasa wadda ta fi tsawa ciwo. Bai taɓa ɗaga mata murya ba, roƙo yake yi, roƙon kuwa ba a iya ce masa a'a.

Lokacin tashin su Auta daga makaranta sai ya bar rumfa ya taho gida, wai ya manta tabarau. Idan tana cin abinci idonsa na kan cokalinta. Idan ta yi shiru, me ke damunki. Idan ta yi dariya a waya nan ma hankalinsa ya tashi, domin ya tuna a yammacin ƙarshe Injiniya ya zauna da su a falo ya yi dariya har da buga ƙafa. Sai Auta ta koyi wata fuska ta tsaka-tsaki, ba fara'a da yawa, ba shiru da yawa. Tana sa ta tun daga matakala kamar yadda ake sa hula. Duk abin da ya tambaya amsa ɗaya ce, lafiya lau Baba. Bai lura da inda ya taɓa jin amsar ba.

A wurin aiki ya daina zuwa buɗe ƙofa. Sau ɗaya ya gwada, ya durƙusa a ƙofar wani ɗan haya, ya zura ƙarafan, sai hannunsa ya ƙi. Ya miƙe ya sauko ya bar jakar a wurin, mai gyaran takalmi ne ya je ya ɗauko. Daga nan duk wanda ya zo sai ya nuna masa wani mai sana'ar a ƙarshen layi, wanda a da yake cewa ba ya buɗe ƙofa sai ya ji mata ciwo. Ya zauna ga injinsa, a ba shi makulli ya yanka, ya goge da magagari, ya miƙa. Maƙwabcin nasa ya yi watanni bai tsokane shi ba. Da shirun ya ishe shi, wata rana yana ɗinkin wani takalmi bai ɗago ba ya ce ya ji labarin gidan Mai Makulli sai da tari ake zaman banɗaki, to wanda ba ya mura fa, ya zai yi? Mai Makulli bai yi dariya ba. Ya kunna injin ba tare da makulli a kai ba.

Ranar wata Asabar da la'asar ya dawo gida, uwar tana wurin aiki. Silifas ɗin Auta na ƙofar banɗaki, famfo na zuba. Ya zauna a falo. Ya miƙe. Ya sake zama. Ruwan bai tsaya ba. Ya je lungu ya kira ta, ƙarar ruwa ta cinye muryarsa. Ya sake kira. Daga nan bai san lokacin da kafaɗarsa ta daki ƙofar ba. Bokitin da ke bayanta ya kife, ruwa ya malalo har falo.

Auta na zaune a ƙasa da kayanta a jiki, ta cusa fuska cikin tawul.

"Me kika yi? Tashi in gan ki. Me kika yi?"

"Kuka nake yi, Baba."

Ya tsaya cikin ruwa.

"Yayana ne fa ya mutu," ta ce. "Kai ɗanka, ni Yayana. In na yi a ɗaki ka leƙo. In na yi a falo ka ce mu tafi asibiti. A ina kake so in yi?"

Ya miƙa hannu ya kashe famfon. Sai a lokacin ya gane abin da ya sa kullum wankanta ke daɗewa. Ya ɗauko tsumma ya shiga tsane ruwan lungu, ita kuma ta wuce ta gefensa ta shiga ɗakinta, ƙofar ta biyo iska ta buɗe a bayanta.

Washegari Gwaggo ta zo da tasi. Yayarsa ce, ita ta goya shi, saboda haka ba ta neman izininsa a komai. Ta bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ta zura yatsa a kowane rami, ta juyo ta tambaye shi, ƙanena, nan gida ne ko akurkin kaji? Ta ce Auta ta haɗa kaya. Auta ta durƙusa ta yi masa sallama yadda ta saba, ta ce za ta gama jarrabawa daga can, bayan nan sai ta gani. Wannan sai ta gani shi ya tsaya masa. Ya san muryar mai niyyar dawowa, ba ita ya ji ba.

Da yamma matarsa tana ninke kaya a falo, ba ta dube shi ba ta fara magana. Ta ce ɗaya ya tafi ba da yinsu ba, ɗayar kuma shi ya kore ta da sukudireba. Ta ce ita ma a wurin aiki take nata kukan, tsakanin injinan wanki inda ba mai ji, don kada ta dawo gida ya tsare ta da ido. Ta ce kada ya ɗauka shi kaɗai ke ɗauke da safiyar nan, shi ya buɗe, ita kuwa ta tsaya tana bugun ƙofar tun kafin ya iso, har yau hannunta na jin katakon. Tun rasuwar ba su taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Ya zauna yana kallon hannayensa har ta gama ninkin.

Akwai wani zama da take zuwa duk mako a wani ƙaramin asibiti, iyaye ne irinsu, da wata likita mai duba masu ciwon damuwa. Ta sha kiransa, yana cewa shi ba mahaukaci ba ne, kuma ba ya shanya cikinsa a gaban baƙi. Wannan karon ba ta kira shi ba. Ta ce masa kawai kabad ɗin da suke ajiye kofunan shayi ya ƙi buɗuwa, likitar na neman mai gyara. Aiki ne, bai iya ƙin aiki ba, kuma kabad ba ƙofar ɗaki ba ce.

Ya samu kujerun roba a zagaye, mutane ba su da yawa. Ya gaishe su, ya juya musu baya, ya durƙusa gaban kabad. Gyaran bai wuce a ɗiga mai a murɗa ba, amma ya kwance kubar gaba ɗaya, ya baje ƙarafanta a kan hankici, yana gogewa ɗaya-ɗaya. A bayansa wani tsohon direban bas yana cewa su ɗaki guda suke kwana, labule ne kawai tsakaninsu da 'yarsa, kullum idonsa na kanta, bai ga komai ba. Wata mata ta ce har yanzu haushin ɗanta take ji, wani lokaci takan yi masa faɗa a zuci tana wanke-wanke, ba wanda ya ce mata ta yi istigfari. Likitar ba ta cika magana ba. Abin da ya riƙe daga bakinta shi ne, ciwo ne mai koya wa mutum ɓuya, kuma wanda aka tsare da ido yakan ƙara gwanancewa a ɓuyan. Abin da ke taimako shi ne mutum ya samu wanda zai gaya wa nauyin zuciyarsa ba tare da mai sauraron ya zube ba.

Mako na gaba ya koma, wai ya duba ko gyaran ya zauna. An ajiye kujera kusa da kabad ɗin, bai zauna ba. A zuwan da ya biyo baya ya zauna. Da aka zo kansa ya ce shi mai yankan makulli ne. Sannan ya ce ɗansa ya kashe kansa, kuma shi ya buɗe ƙofar. Tun ranar bai taɓa jera kalmomin a bakinsa ba. Tsohon direban ya miƙo masa kofin shayi, ya ce a sha da zafi, sukarin gidan nan ba ya jira.

Bayan jarrabawar Auta ya shirya ya tafi gidan Gwaggo, can ɗaya gefen gari. Ya riƙo kuba sabuwa a kwalinta, irin wadda yake sa wa shagunan masu gwal, makullanta a ɗaure ba a ko kwance su ba. Ya samu Auta a falo tana yanke farce. Ta yi ƙiba kaɗan, fuskar tsaka-tsakin nan babu ita. Abin ya yi masa daɗi, ya kuma yi masa ciwo. Ya ajiye kwalin a gabanta, ya ce nata ne, makullan duka nata, ta dawo gida.

Ta juya kwalin a hannu, ta karanta bayansa.

"Baba, wannan in ka durƙusa a gabanta, za ta daɗe?"

Bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan aikinsa ba. Ya ce ba za ta daɗe ba.

"To ka gani. Ni sakata nake so. Ta ciki."

Sakata ba ta da ramin makulli, ba ta da fuska a waje. Duk abin da ya koya a rayuwarsa a nan yake ƙarewa. Mai son shiga sai dai ya jira a buɗe masa, ko ya fasa. Ya miƙe ya nemi takalminsa, Gwaggo na kiransa daga kicin tana cewa ga shayi, kai dai har ka tsufa ba ka daina gudu in an gaya maka gaskiya ba. Ya bar kwalin a kan teburi.

Ya kwana biyu da maganar a cikinsa kafin ya gaya wa mai gyaran takalmi. Mutumin ya cire ƙusar da ke bakinsa, ya tambaye shi ko ɗakin da take kwana a gidan Gwaggo yana da sakata. Mai Makulli ya ce yana da ita, shi ma ya gani, irin ta da, mai kauri.

"To ai an riga an gama, ɓarawo. Yarinya tana bayan sakata yanzu haka. Abin da ya rage maka, ko ta rufe a inda kake jin motsinta, ko ta rufe a inda sai ka hau mota biyu."

Ya mayar da ƙusarsa baki ya ci gaba da bugu. Tun rasuwar bai kira shi da sunan ba sai ranar.

Mai Makulli ba ya sayar da sakata, a ganinsa aikin kafinta ce. Ya je shagon kayan gini, mai shagon ya yi ta mamaki, ya ce yau malamin kuba da kansa ya sauko ajin yara. Aka zube masa iri-iri a kan kanta. Hannunsa ya tafi kai tsaye ga wata 'yar siririya mai walƙiya, mai gajerun notuna. Ya san irinta, kafaɗa ɗaya za ta fizge ta daga katako. Ya riƙe ta ya daɗe. Auta ba za ta gane ba, a ido duk sakata ce. Amma shi zai sani, kuma duk ranar da ya wuce lungun, lissafin kafaɗarsa zai riƙa yi. Ya ajiye ta. Ya ɗauki baƙa mai nauyi, ya nemi dogayen notuna, ya ce a ba shi biyu, ɗaya ta banɗaki.

Ranar Lahadi Gwaggo ta kawo Auta, ba kaya, wai sun zo gani da ido. Ya riga ya toshe ramukan ƙofofin da katako ya goge. Ya sa Auta ta tsaya ta nuna masa tsayin da take so, ya yi alama da fensir, ya huda, ya ɗaure. Noti ɗaya ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado, ita ta durƙusa ta lalubo masa. Gwaggo ta zo ta girgiza sakatar da ƙarfinta, ta ce to, wannan dai ba ta wasa ba ce.

Yana tattara kayan aiki Auta ta yi magana, ba wanda ya tambaye ta. Ta ce idan ya ƙwanƙwasa za ta amsa, ko da kalma ɗaya ce, ko tana fushi. Ta ce ta riga ta gaya wa Mama tana so ta ga likitar nan ita kaɗai. Ta ce idan wata rana abin ya yi mata nauyi za ta faɗa, amma sai ya iya ji yana zaune, ba ya miƙe yana neman jaka ba. Ya ce zai yi ƙoƙari. Ta ce ita ma ƙoƙarin za ta yi.

Gwaggo ta sha shayinta ta tafi ita kaɗai, ta ce a kira ta idan an gama gani. Auta ta shiga ɗaki ta tura ƙofa. Suna falo suka ji sakatar ta shiga, ƙara ce 'yar ƙarama.

Da farko shiru. Can sai kukan ya taso, ba famfo, ba tawul, kuka sosai irin na yarinya, tana kiran Yaya. Tun da aka fita da Injiniya gidan bai ji irinsa ba. Ƙafafun Mai Makulli suka kai shi lungu ba da shawararsa ba. Hannunsa ya ɗaga. Matarsa ta fito ta tsaya a ƙofar kicin, ba ta hana shi ba, kallonsa kawai take. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke hannun, ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da bangon da ke tsakanin ɗakin Auta da na Injiniya. Matarsa ta zo ta zauna kusa da shi, ƙafafunsu sun tokare ɗaya bangon saboda ƙuncin wurin. Ya ce mata a hankali, yaron nan ya iya kwaikwayon tafiyar mai gidan haya. Ta ce har da yadda yake riƙe ƙugu. Daga nan shi ma nasa ya zo, ya bar shi ya zuba.

Kukan ciki ya lafa, ya tsaya. Shirun ya fi kukan wuyar zama. Ya jure iya jurewarsa, sannan ya miƙa hannu daga zaunen ya ƙwanƙwasa sau ɗaya.

"Ina nan, Baba."

Ya dafa bango ya tashi, ya ba matarsa hannu, suka koma falo.

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da ta fito, idanunta a kumbure. Ta ce sakatar tana da tauri, saura kaɗan ta karya mata farce. Ya ce sabuwa haka take. Ya ɗauko 'yar kwalbar mai daga jakarsa, ta riƙe masa ƙofar ya ɗiga, ya goge da babban yatsa. Ya ce ta shiga ta gwada. Ta shiga, ta rufe yana waje, ta zare, ta sake rufewa, ta sake zarewa.

"Yanzu fa?"

"Ta yi."

Ta leƙa kicin ta tambayi uwarta abin da aka dafa, ta ɗauki cokali ta ɗanɗana daga tukunya, uwar ta buge mata hannu. Tana taunawa ta juyo ta ce masa gobe idan ya tashi daga rumfa ya raka ta gidan Gwaggo, akwatin ya yi mata nauyi ita kaɗai.